Wa Aka Yarda Ya Kai Ɗauki? Tambayoyi da Amsoshi Kan Musun Karawar Jaruman Labari

Shekaru kaɗan ke nan da matasan majalisarmu a Angwan Rogo, cikin garin Jos, suka ɗora mini alƙalancin musun da muke yi daren Asabar bayan sallar Isha'i, wato musun nan na wane da wane, wa zai yi nasara idan sun kara. Jaruman da ake haɗawa ba su da iyaka: akwai na katun ɗin Japan, akwai na littattafan zane da finafinan Amurka, akwai na finafinan Indiya da ake fassara mana da Hausa, har da na littattafan yaƙi da muka riƙa haya muna karantawa tun muna sakandare. A tsawon wannan lokaci na lura cewa batun ƙarfin jarumi bai cika raba kan mutane ba, domin ana iya buɗe waya a nuna hujja a wuce wurin. Abin da yake tayar da jijiyar wuya shi ne ɗauki: wa aka yarda ya shigo fage ya taimaki jarumi, da wane kaya jarumin zai zo, kuma yaushe aka faɗi haka. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi maimaita mini, amsoshin kuwa ƙa'idojin da muka zauna a kansu ne bayan doguwar jayayya, tare da nawa ra'ayin a inda na ga ya kamata in bayyana shi.

Mene ne ake nufi da ɗaukin waje?

Ɗaukin waje shi ne duk taimakon da ya zo wa jarumi daga wani mai hankali wanda ba a sa shi cikin karawar ba, ko taimakon ya zo da hannu, ko da baki, ko ta hanyar ba shi aron wani ƙarfi na wucin gadi. Idan an ce Naruto da Sasuke, to mutum biyu aka ambata, kuma duk wanda ya sako Sakura domin ta warkar da raunin ɗayansu ya mayar da karawar taron dangi.

Da yake ba kullum lamarin yake fitowa fili haka ba, muna auna duk abin da aka yi saɓani a kansa da tambayoyi uku. Shin abin yana tare da jarumin a mafi yawan labarinsa, ko sau ɗaya ya taɓa samunsa? Shin da ƙarfinsa ko dukiyarsa ko iliminsa yake kawo abin, ko sai wani ya ga dama ya ba shi? Shin abin yana da ra'ayin kansa har zai iya ƙin zuwa? Ta tsakiyar ce ta fi nauyi a wurina, domin ita ce take nuna daga inda nasarar ta fito.

Me ya sa sai an kafa ƙa'ida tun kafin a fara, alhali hira ce kawai?

Wani dare cikin hunturu, irin sanyin Jos ɗin nan da kofin shayi yake hucewa kafin mutum ya sha rabi, aka haɗa Batman da Captain America a teburin mai shayinmu. Wani ɗalibin jami'a ya riƙe Captain America, ƙanen wani abokina kuma, yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa da yake gyaran waya a Terminus, ya riƙe Batman. An shafe kusan awa guda ana kawo hujja cikin natsuwa, ana maganar garkuwa da juriya da salon faɗa, har ya fara bayyana cewa ɗalibin ne yake rinjaye. Sai yaron ya ajiye burodin hannunsa ya ce, "Yaya, ai Batman maɓalli kawai zai danna ya kira Superman." Ɗalibin ya dube shi ya ce, "To ƙanena, in haka ne ni ma Thor yana nan tafe da gudumarsa." Kafin minti biyar kowa ya tara rundunarsa, kuma ba wanda ya sake ambatar mutum biyun da aka fara da su. Mai shayi ya kwashe kofunansa, aka watse kowa rai a ɓace, yaron kuma ya yi mako uku bai dawo majalisa ba, domin a ganinsa haɗe masa kai aka yi.

Daga daren na fahimci cewa mutum ba ya tuna abokan jaruminsa sai ya ga ana shirin kayar da shi. Idan alƙali ya hana ɗauki a wannan lokacin, wanda aka hana zai ga son kai ne, idan kuma ya bari, musun ya tashi daga kan jaruman ya koma ƙidayar wanda ya fi yawan jama'a. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa yanzu ba a buɗe baki a kawo hujja ko ɗaya sai an faɗi sharuɗɗa kowa ya ji ya amsa.

Idan wanda ya haɗa karawar bai faɗi komai ba, da me ake aiki?

Ana aiki da ƙa'idar asali: ɗaya da ɗaya, kowa da kayan da aka saba ganinsa da su, babu lokacin shiri, babu wanda ya san raunin ɗan'uwansa sai in ya san shi a cikin labari, kuma babu mai shigowa daga waje har a tashi. Wanda yake son wani abu da ya saɓa wa wannan, shi ne zai nema tun farko.

Makamin da wani ya ƙera wa jarumi, ba taimakon waje ba ne?

A'a, matuƙar makamin ya zama nasa kafin ranar karawa kuma da shi aka san shi. Ko a labarin Bayajidda da muka taso muna ji, maƙeran Gaya ne suka ƙera masa makamin da ya kashe macijin rijiyar Kusugu a Daura, amma ba a taɓa cewa maƙeran ne suka kashe macijin ba. Haka rigar Black Panther da ƙanwarsa Shuri ta ƙera masa, haka garkuwar Captain America da Howard Stark ya samar masa. Aikin maƙeri ya ƙare a maƙera.

Inda muke tsayawa mu duba shi ne makamin da jarumi ya riƙe sau ɗaya a wani yanayi na musamman. Captain America ya ɗaga gudumar Thor a fim ɗin shekarar 2019, ya yaƙi Thanos da ita, amma gudumar ba tasa ba ce, saboda haka ba ya shiga fage da ita sai an ambata. Shi kansa Thanos, idan ba a ce yana sanye da safar ƙarfen nan mai duwatsu shida ba, to babu ita, domin bambancin da ke tsakanin Thanos mai duwatsu da Thanos marar duwatsu ya kai a ɗauke su kamar jarumai biyu daban. Waken Senzu da yake mayar wa su Goku na katun ɗin Dragon Ball ƙarfi nan take shi ma ba ma lissafa shi cikin kayan yau da kullum, domin wani ne yake noma shi ya bayar, kuma sau da yawa wani ne yake kawo shi fagen fama.

Muryar da take magana da jarumi a kunne fa, kamar JARVIS ko Alfred?

Nan muna rarrabewa, kuma na san wasu ba su gamsu ba. JARVIS da FRIDAY, wadda ta maye gurbinsa tun daga fim ɗin shekarar 2015, ƙirƙirarriyar basira ce da Tony Stark, wato Iron Man, ya haɗa da hannunsa ya dasa a cikin sulkensa. A fim ɗin 2016, lokacin da Captain America ya fi ƙarfinsa a faɗan hannu da hannu, FRIDAY ce ta nazarci salon dukansa har Tony ya samu ya juya lamarin. Wannan muna ɗaukarsa aikin sulke, domin ilimin Tony ne yake yi masa aiki, kuma cire shi daidai yake da cire wa mota sitiyari a ce ta shiga tsere. Alfred da Oracle kuwa mutane ne masu zaman kansu, suna zaune a wani wuri suna binciko bayani suna turo wa Batman, saboda haka layinsu a yanke yake sai an yarda da shi tun farko.

Wani dattijo da yakan zauna kusa da mu, wanda ya daɗe yana kallon dambe, shi ya ba mu ma'aunin da ya daidaita mana wannan batu. Ya ce makaɗi yana iya kiran sunan ɗan dambe ya zuga shi har tsikar jikinsa ta tashi, kamar yadda Ɗan Anace ya riƙa yi wa Shago, kuma ba wanda zai ce an yi maguɗi, amma ranar da wani ya shigo fili ya riƙe wa ɗan dambe hannun abokin karawarsa, dambe ya ɓaci. Daga nan muka ce zuga da kirari ba ɗauki ba ne. Amma muryar da ta faɗa wa jarumi sirrin da bai sani ba, misali ta ce masa wannan abokin gaba ƙara mai ƙarfi da wuta ne suke kassara shi, ta wuce zuga ta zama hannu na uku.

Yaya ake yi da wanda yake zaune a cikin jikin jarumi, kamar Kurama?

Wannan ita ce tambayar da ta fi dawowa. Kurama, yanyawar nan mai wutsiya tara, yana da hankalinsa, yana da fushinsa, kuma ya shafe shekaru ba ya ƙaunar Naruto. Idan da tambaya ta uku kaɗai za a bi, da sai a ce bare ne. Amma an ɗaure shi a cikin Naruto tun ranar da aka haife shi, kuma kusan duk labarin, wanda aka fara bugawa a 1999 aka kammala a 2014, an gina shi ne a kan zaman su biyun a jiki ɗaya. Saboda haka Kurama yana shiga fage tare da Naruto, kamar yadda baƙar halittar nan take shiga tare da Eddie Brock, domin idan aka raba su babu Venom ɗin da ake magana a kansa.

Sai dai akwai sharaɗi biyu da nake tsayawa a kansu. Dole a faɗi wane Naruto ake nufi. Na farkon labari yana samun ƙarfin Kurama ne ta hanyar fushi, kuma idan wutsiyoyin suka yi yawa yana rasa hankalinsa har ya cutar da nasa. Na lokacin babban yaƙi na huɗu kuwa sun zama aminai, suna shawara da juna. Sannan akwai na baya, a labarin ɗansa Boruto, wanda ya rabu da Kurama bayan karawarsu da Isshiki. Ba a yarda mutum ya ɗauki biyayyar na tsakiya ya haɗa da wani abu na wani zamani ba. Sharaɗi na biyu shi ne duk amfanin da aka ba wannan ɓangare a ba wancan. Idan an yarda na cikin jiki ya farkar da jarumi daga sihirin ruɗa hankali, kamar yadda mai wutsiya takwas ya yi wa Killer B a karawarsa da Sasuke, to ba za a hana abokin karawa amfani da nasa na ciki ba.

Dabbobin da ake kira, da aljanu, da halittun da suke faɗa a madadin mai su fa?

Kiran dabba a labarin Naruto ba kyauta ake yinsa ba. Sai mutum ya sa hannu a yarjejeniya da jininsa, kuma duk lokacin da zai kira sai ya fitar da jini ya ƙona nasa ƙarfin, gwargwadon girman abin da yake son ya zo. Tun da daga jikinsa kuɗin yake fita, muna ɗaukar kiran a matsayin fasaharsa. Amma ba ma ɓoye halin dabbar. A karawar Naruto da Gaara, babban kwaɗon nan Gamabunta da farko ƙin shiga faɗan ya yi, sai da ɗansa Gamakichi ya gaya masa cewa yaron ya kare shi sannan ya amince. Macijin Orochimaru kuwa, Manda, hadayar mutum ɗari ya nema a matsayin ladan zuwansa. Duk wanda yake adawa da mai kiran yana da damar kawo wannan taurin kai a matsayin hujja, kuma alƙali zai saurare shi.

Ash na Pokémon ba ya kai duka da kansa, don haka haɗa shi da wani ba tare da halittunsa ba ɓata lokaci ne. Ana ba shi guda shida da ƙa'idar duniyarsu ta yarda mutum ya riƙe, kuma sai an faɗi waɗanne ne kafin a fara. Aladdin ma haka: aljanin fitila yana yi wa duk wanda fitilar take hannunsa hidima, har ma ya yi wa bokan da ya yaudari matar Aladdin ya karɓe ta. Saboda haka fitilar makami ce, ana iya shiga da ita idan an ambata, kuma ana iya ƙwace ta a tsakiyar faɗa.

Jaruman littattafan yaƙi na Hausa sukan zo da sihirtaccen takobi ko sulke ko zobe da wani boka ya ba su, kuma waɗannan suna nan a jikinsu kamar layar ɗan dambe. Abin da muka hana shi ne bokan da yake zaune a kogonsa yana kallon faɗa cikin madubin tsafi, da ya ga za a kashe yaronsa sai ya turo aljanu su sure shi. Wannan boka ne yake faɗan, kuma idan ana son ganin ƙarfinsa sai a sa sunansa a karawar.

Shin Genki Dama ta Goku fasaharsa ce ko taimakon jama'a?

Duka biyun ne, shi ya sa muka raba ta gida biyu. Fasahar, wato dunƙulen ƙarfin da yake tarawa daga halittu ya jefa wa abokin gaba, tasa ce, a wurin malaminsa Kaio ya koye ta, kuma yana iya tattaro ƙarfi kaɗan-kaɗan daga ciyayi da itatuwa da dabbobin da ke kewaye da fagen. Wannan an yarda da ita, da sharaɗin a tuna cewa tana cin lokaci, kuma a karawar ɗaya da ɗaya babu mai tare masa abokin gaba yayin da ya ɗaga hannuwa sama.

Wadda ta kashe Buu kuwa wani abu ce daban, kuma ya kamata a ƙirga hannuwan da suka shiga cikinta. Vegeta ne ya kawo shawarar, an roƙi dodon duniyar Namek ya dawo da Duniya da mutanenta, Vegeta ya tsaya yana shan duka domin a samu lokaci, mutane suka ƙi ɗaga hannu sai da Mista Satan ya yi musu magana, sannan aka yi amfani da roƙo na uku aka mayar wa Goku ƙarfinsa kafin ya iya tura ta. Wanda ya kawo wannan a matsayin abin da Goku zai yi shi kaɗai bai yi wa labarin adalci ba.

Haɗewar jarumai biyu su zama ɗaya fa?

Vegito da Gogeta, waɗanda ake samu idan Goku da Vegeta suka haɗe, jarumai ne masu zaman kansu a lissafinmu. Idan an ce Goku, ba a ce Vegeta ba, don haka babu 'yan kunnen Potara, babu rawar haɗewa. Wanda yake son Gogeta ya kira sunansa tun farko, kuma ya karɓi iyakar minti 30 da rawar haɗewar take da ita.

Idan an ba da lokacin shiri, an yarda jarumi ya nemo mutane ke nan?

Ba a yarda ba, kuma magoya bayan Batman ne suka fi yawan cakuɗa waɗannan biyun. Lokacin shiri yana nufin jarumi ya yi bincike, ya ƙera kaya, ya zaɓi dabara, ya ɗana tarko, da abin da hannunsa da aljihunsa za su iya. Ɗauko wani jarumi ya tsaya a bayan gini yana jiran alama ba ya cikin shiri.

Hujjar da ake yawan kawowa ita ce littafin zanen Frank Miller na shekarar 1986, inda tsohon Batman ya kai Superman ƙasa. Na sha roƙon abokaina su koma su duba shafukan da kyau. Superman ya zo wurin ne bayan fashewar makamin nukiliya ta raunana shi. Batman yana sanye da sulke na musamman, Robin, yarinyar da take taimaka masa, tana cikin tankar yaƙi, sannan Oliver Queen, wato Green Arrow, shi ne ya harbo kibiyar da take ɗauke da sinadarin kiriptonait mai kassara Superman. Sulken da sinadarin shirin Batman ne, kuma ya cancanci yabo a kansu. Wanda ya ja bakan kuwa wani ne daban. Idan muna maimaita wannan karawa a ƙarƙashin ƙa'idarmu, Batman yana riƙe sinadarinsa, amma sai mai kare shi ya nuna mana yadda zai isar da shi jikin Superman da kansa.

Akwai kuma abin da ake mantawa: shiri na ɓangare biyu ne sai in an faɗi akasin haka. Idan an ba Batman kwana bakwai, abokin karawarsa ma yana da kwana bakwai, kuma shi ma ya san da wa zai haɗu. Wanda yake son a ba ɓangare ɗaya shiri ya faɗa a fili, kowa ya san cewa an ba shi fifiko ne domin a rage tazarar da ke tsakaninsu.

Nasarar da jarumi ya samu da taimako a cikin labarinsa, ana iya kafa hujja da ita?

Ana iya, amma sai an tace ta. Gohan ya kashe Cell, wannan ba a musunsa, kuma ya yi shi da hannu ɗaya bayan ɗayan ya samu rauni. Sai dai mahaifinsa Goku yana ƙarfafa masa gwiwa daga lahirar labarin, kuma a daidai lokacin da ƙarfin biyu suka cije, Vegeta ne ya kai wa Cell hari ta gefe ya ɗauke masa hankali. Muryar Goku tana cikin zuga, mun yafe ta. Harin Vegeta kuwa ɗauki ne. Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne Gohan yana da ƙarfin da zai hallaka Cell idan ya saki jikinsa gaba ɗaya, amma ba a nuna mana ya yi hakan babu kowa a kusa ba.

Wannan matsala ta girmi katun da fim nesa ba kusa ba. A tsohuwar waƙar Girkawa ta yaƙin Taroy, lokacin da Achilles ya kara da Hector, Athena ta rikiɗa ta zama siffar ɗan'uwan Hector ta yaudare shi ya tsaya, kuma da Achilles ya jefa mashi ya kuskure, ita ce ta ɗauko ta mayar masa. Marubuta suna son irin wannan, domin labari ya fi daɗi idan agaji ya zo a lokacin da aka fid da rai. Aikin mai musu shi ne ya zauna ya ware abin da jarumi ya yi da abin da aka yi masa, ya kawo na farkon kaɗai.

Sarki ko jagoran runduna, ba a ba shi mayaƙansa?

A karawar ɗaya da ɗaya ba a ba shi. Baahubali yana shiga da takobinsa da ƙarfin damtsensa, Kattappa da rundunar Mahishmati suna gida. Abin sha'awa shi ne wasu labaran da kansu sun nuna yadda ake yin haka. A fim ɗin Black Panther na 2018, kafin T'Challa ya kara da M'Baku a kan sarauta, sai da aka ba shi abin sha da ya cire masa ƙarfin tsiron nan mai siffar zuciya, mayaƙan ɓangarorin biyu kuma suka kewaye su riƙe da masu a hannu suna kallo ba tare da sun kai wa kowa duka ba. Idan ana son a gwada basirar jagoranci, sai a haɗa yaƙin runduna da runduna, a faɗi adadin kowane ɓangare da filin da za a gwabza.

Ranar da take ba Superman ƙarfi, ko ruwan da yake taimakon Aquaman, ba daga waje suke ba?

Daga waje suke, amma ba su da niyyar taimakon kowa. Wannan batun fage ne, kuma ƙa'idarmu ita ce a zaɓi wurin da kowane jarumi zai iya amfani da ƙarfinsa yadda ya saba. Wanda ya kai Superman ƙarƙashin jar rana, wadda take raba shi da ƙarfinsa, ba tare da ya faɗa tun farko ba, ya yanke hukuncin karawar kafin a fara ta.

Wannan ƙa'ida ba ta zalunci jaruman da abota ce ƙarfinsu ba?

Wata ɗaliba, ƙanwar ɗaya daga cikinmu, ta aiko mana da wannan tambaya ta bakin yayanta, kuma na daɗe ina juya ta a raina domin akwai gaskiya a cikinta. Luffy na katun ɗin One Piece ba zai iya tuƙa jirgi ya kai ko'ina ba in babu Nami mai nuna musu hanya, kuma shi da kansa ba ya ɓoye cewa ba zai rayu ba sai da mutanensa. Saƙon labarai da yawa irin wannan shi ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan muka raba jarumi da jama'arsa, lallai mun cire wani abu daga cikin abin da marubucin ya gina.

Amsata ita ce tambayar "wa zai yi nasara" ƙaramar tambaya ce, ba ta auna darajar jarumi ko kyawun labarinsa, kuma bai kamata a ɗora mata abin da ba za ta iya ɗauka ba. Domin kada wannan ɓangare ya ɓace, mun ware wasu darare na karawar ƙungiya da ƙungiya, inda ake sauraron hujjar haɗin kai, da wanda yake warkarwa, da wanda yake tsara dabara, kuma a irin waɗannan darare ne jaruman da suke faɗuwa a ɗaya da ɗaya suke fitowa da kyau.

Idan ana son a yarda da ɗauki, yaya ake faɗarsa?

Ana kiran suna, ana faɗin adadi, ana faɗin iyaka. Kalmar "da abokansa" ba ta wadatar, domin abokan Superman sun cika gari. Mai haɗa karawa zai ce, misali, Batman yana da Alfred a kunne domin bayani kawai, Iron Man yana da sulke ɗaya ba rundunar sulkuna ba, kowa yana da mataimaki guda da zai shigo sau ɗaya. Sai a tambayi masu riƙe da ɓangarorin biyu ko sun amince, mai riƙe da waya ya rubuta sharuɗɗan a inda kowa zai gani, sannan a fara.

Idan wani abu ya taso a tsakiyar musu wanda ba a yi tanadinsa ba fa?

Alƙali yana dakatar da musun, ya auna abin da tambayoyin nan uku a gaban kowa, ya faɗi dalilinsa da babbar murya. Idan har yanzu akwai shakka, ana barin abin a waje na wannan dare, domin shi ne ya fi kusa da ƙa'idar asali, sannan a tattauna shi a mako na gaba lokacin da babu wanda jaruminsa yake cikin haɗari. Alƙali ba ya riƙe ɓangare a karawar da yake yanke wa hukunci, kuma idan an haɗa jarumin da kowa ya san ina ƙauna, nakan miƙa kujerar ga wani in koma cikin masu kawo hujja. Yaron nan mai gyaran waya, wanda yanzu shi ne yake rubuta mana sharuɗɗa a wayarsa, ya riƙe mini kujerar sau biyu a watan da ya wuce, kuma a ɗayan ya hana ni shigo da Vegeta domin ban ambace shi ba kafin a fara.